Shafi na Hamsin da Ɗaya

Shekara ashirin da biyu na farko da na yi ina yankan takarda a maɗaba'ar gwamnati, duk tsawon shekarun nan mace ɗaya ce ke zaune a teburin da ke bayana. Uwar Zare ake ce mata, don ita ce babba a sashen ɗinkin littafi. Ni Yaya nake kiranta, ita kuma ta ce mini Dogo, ko da yake in gaskiya za a bi, tsawon nawa duk a wuya ya taru. Gajeriya ce mai jiki, da tabarau wanda ƙafarsa ɗaya ta karye ta ɗaure da zaren aiki. Ba ta da fara'a da safe. In ka gaishe ta kafin ta sha shayi, da ka za ta amsa, kuma sai ka gode wa Allah da ka samu hakan.

Sashen nata dogon ɗaki ne mai taga shida, mata goma sha biyu a kan benci, tukunyar gam na zaune bisa risho a kusurwa. Warin gam ɗin nan har gida yake bin mutum. Tana da wani ƙashi mai santsi da take murje ninkin takarda da shi, wanda tsohon da ya koya mata aiki ya bar mata, kuma ba ta ba kowa aronsa. Duk littafin da aka ce an gama, sai ta kama shi ta bango ta girgiza kamar mai kakkaɓe tabarma. In ko falle ɗaya ya motsa, mai ɗinkin za ta warware ta sake, ko da an buga ƙararrawar tashi. Matan suna gunaguni a bayanta, amma in an tambaye su a gari inda suka koyi aiki, da sunanta suke buɗe baki.

A cikin duk abin da muke bugawa, littafin tarihi na aji shida ne ba ta barin kowa ya duba sai ita. Na daɗe kafin in san dalili.

Tana shekara bakwai, zamanin da baƙi ke mulkin ƙasar, ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki. Sun gaji da mari da zagi, sun gaji da ganin baƙon da suka koya wa aiki ya zama shugabansu. Suka zauna a kan layin dogo kwana tara, ba sanda ba dutse. A rana ta tara aka buɗe musu wuta, mutum goma sha tara suka mutu. Ubanta mai gyaran layi ne, yana cikinsu. Da ta shiga makaranta, littafin lokacin layi ɗaya ya ba abin: wasu ɓata-gari sun tare hanyar jirgi, hukuma ta tarwatsa su. Ta ce mini malaminsu ya sa su maimaita layin da ƙarfi, ita ma ta maimaita, don in ba ta yi ba bulala ce.

Bayan shekara goma sha ɗaya ƙasa ta samu kanta, aka sake rubuta littafin. Shafi na hamsin da ɗaya ya ɗauki hoton mutanen zaune a kan layi, bayansa kuma sunayen sha taran nan a jere. A shekarar ta shiga maɗaba'a, kuma da hannunta aka ɗinka bugun farko. Ban taɓa jin ta yi alfahari da gida ko sutura ba, amma wannan kam ta faɗa mini ya fi sau ɗari.

Shugaban da ya karɓi ƙasa shi ma yana da fallensa, shafi na sittin da ɗaya: hotonsa a gaba, waƙar yabonsa a baya. Shekara ashirin da bakwai ya yi a kan kujera. Sau shida muka sake buga littafin, kowane bugu hoton na ƙara girma, lambobin ƙirjinsa na ƙaruwa, har na ce wa Yaya nan gaba sai an ƙara wa littafin faɗi. Ta ce, “Kai dai yanka takardarka, Dogo, wuyan nan naka ya yi daidai da igiya.” Ba ƙaunarsa take yi ba. Shi ne ya rushe ƙungiyar ma'aikatan da ta ɗora shi, ya kulle shugabanninta. Amma ta ɗinka fallensa da kyau kamar kowane, don a wurinta ɗinki ɗinki ne.

Ranar da aka kifar da shi, ni har rawa na yi a titi, ba zan ɓoye ba. Sojoji matasa suka ce juyin juya hali ne na ma'aikata da talakawa. Cikin mako biyu aka sauya sunayen tituna, aka hana cewa ranka ya daɗe, kowa ya zama ɗan'uwa. Manajanmu, wanda bai taɓa zuwa aiki ba laktaye ba, ya wayi gari da rigar kaki mai aljihu huɗu, yana miƙa wa masinja hannu. Yaya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Ikon Allah, ashe yana da wuya.”

A mako na uku wani kyaftin ya zo. Yaro ne, bai fi talatin ba, mai ladabi, da kwalin reza a hannu. A sito muna da littafin tarihin nan guda dubu arba'in, sababbi fil, suna jiran a buɗe makarantu. Takardar sake bugu babu, an rufe iyaka, kaya ba sa shigowa. Umarnin da ya kawo shi ne a yanke fallen tsohon shugaba daga kowane littafi cikin kwana goma, a yanke shi tas daga gindi yadda ba za a ga alama ba. Ya ɗauki littafi ɗaya ya gwada mana da kansa, ya ja reza sau ɗaya, hoton ya fita. Manaja ya ce, “Kai, ɗan'uwa, kamar ka shekara a aikin!”

Yaya ta miƙa hannu. “Ranka ya daɗe, ba ni in gani.”

“Babu ranka ya daɗe yanzu, Mama. Ɗan'uwa za ki ce.”

“To, ɗana, ba ni in gani.”

Ta kama littafin ta bango ta girgiza. Wani falle ya zame ya faɗi a kan takalminsa. Ya duƙa ya ɗauka, ya ga mutane zaune a kan layin dogo.

“Wannan kuma daga ina? Ban taɓa shi ba.”

Ta ɗauki farar takarda ta ninka biyu ta nuna masa. Littafi ba falle-falle ake haɗa shi ba. Takarda ɗaya ake ninkawa ta ba da falle biyu, a jera su cikin juna, zare ya bi ta tsakiyar ninkin. Kowane falle yana da ɗan tagwaicinsa can gaba, juna suke riƙe. In ka yanke ɗaya daga gindi, ɗayan ba shi da abin kamawa. Kuma yadda aka jera littafin nan, ɗan tagwaicin shafin shugaba shi ne shafi na hamsin da ɗaya.

“Kun ce don ma'aikata kuka zo,” in ji ta. “To ga su nan, daga kan takalminka ka ɗauko su. Na goma sha ɗaya a jerin nan ubana ne.”

Manaja ya shiga duba aljihunsa huɗu kamar ya ɓatar da wani abu. Kyaftin ya daɗe yana kallon sunayen, sannan ya tambaye ta ko akwai dabara. Ta ce akwai. Kada a yanke daga gindi, a bar kunne mai faɗin yatsa, a shafa masa gam a manne shi da fallen da ke biye, a danne har ya bushe. Hoton zai tafi, ɗan tagwaicin ya zauna daram. Sai dai aiki ne mai cin lokaci, kuma mata goma sha biyu, ko sun kashe kansu, ba za su wuce dubu goma sha biyar a kwana goma ba.

Ya ce, “Mama, ni ma aiko ni aka yi. Kwana goman nan ba nawa ba ne da zan ƙara miki. Ki yi iya yinki. Safiyar kwana na goma sha ɗaya motoci za su zo, abin da ya rage yarana za su yage da hannu.”

Da aka tashi aiki ba ta nufi gida ba, unguwar ma'aikatan jirgi ta wuce. Ban san abin da ta faɗa musu ba. Na dai san da na iso washegari na tarar da mutane wajen arba'in a bakin ƙofa, maigadi ya rasa yadda zai yi da su: tsofaffin direbobin jirgi, masu gyaran layi da suka yi ritaya, matan da aka bari da marayu tun wancan lokaci, da 'ya'yansu mata da su ma sun manyanta. Kowa da almakashinsa. Manaja ya fito yana cewa wannan ma'aikatar gwamnati ce, ba a shigo da baƙi. Wata tsohuwa mai sanda ta ce masa, “Ɗan nan, a rediyo aka ce gwamnatin tamu ce yanzu. Matsa mana.” Ya matsa.

Kada ka ɗauka don sun zo taimako ta sassauta musu. Ta jera su, masu buɗe shafi daban, masu yanka daban, masu gam, masu dannewa, ita kuma tana ƙarshen layi tana girgiza kowane littafi. Wani tsohon direba ya manne shafi uku wuri ɗaya, ta ce, “Baba, jirgi ka iya, gam ya fi ƙarfinka,” ta mayar da shi ɗaukar kaya. Mutumin da ya shekara talatin yana ba da umarni a kan inji ya ce to, ya sunkuci kwali. Ni abin da na iya shi ne na yanka musu ma'auni na kwali mai tauri, daidai faɗin yatsa, wanda za a kwantar a gindin falle a ja reza a gefensa. Wannan ya ninka saurin aikin, kuma Yaya ta ce, “Ashe akwai wani abu a saman wuyan.” Yabon da na taɓa samu daga gare ta ke nan, kuma na riƙe shi.

Ban taɓa ganin aiki irin na kwanakin nan ba. Ɗakin ya cika har ana zama a ƙasa, a baranda, a ƙarƙashin injina. Tsofaffin suna aiki suna ba da labarin kwana taran nan, wa ya zauna kusa da wa, wa ya kawo ruwa, wa ya gudu ya dawo. Sai ka ga mace ta buɗe littafi, maimakon ta wuce shafi na sittin da ɗaya, ta tsaya a na hamsin da biyu ta ɗora yatsa a kan wani suna, sannan ta ci gaba. A rana ta shida gam ya ƙare, Yaya ta sa aka dama na fulawa. A rana ta takwas aka wuni ana ruwa, gam ya ƙi bushewa, muka yi asarar kusan wuni guda. Yatsun mutane suka kumbura. Da ƙararrawar tashi ta buga a rana ta goma, saura kwali casa'in da shida, kowane da littafi arba'in, wato dubu uku da ɗari takwas da arba'in.

Da safe sojoji suka zo. Kyaftin bai shigo ba, ya tsaya a waje ya juya wa ƙofa baya. Yaransa suka yi ta yaga, kowane littafi sai ɗan tagwaicin ya biyo ko ya tsaya yana lilo, sajansu ya ce a zare shi gaba ɗaya don aiki ya yi tsabta. Yaya ta durƙusa tsakanin takalmansu tana tsince fallen hamsin da ɗaya, tana miƙar da kowane a cinyarta, tana jerawa. Wani soja ya ɗaga ƙafa don ta zare wanda ya taka. Ni kuwa, da nake matsoraci tun asali, duk jarumtar da na yi a rayuwata ita ce na bi kwalayen nan casa'in da shida na ja wa kowane jan fensir a gindi.

Kafin azahar takardar sallamarta ta fito, wai ta shigo da baƙi ma'aikatar gwamnati. Manaja ta hannun masinja ya aiko, bai iya haɗa ido da ita ba. Ta ɗauki ƙashinta da ɗaurin fallayenta, ta ce wa matan su kula da ninki, ta fita. Shekara ashirin da bakwai, ko kujera ba a ce ta zauna ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bayan kwana uku ta zo gidana. “Dogo, na ga abin da ka yi da jan fensir. Je ka wurin direban kai kaya ka samo mini inda suka sauka.” Direban ya tuna, don shi ma ya lura da jan. Makaranta talatin da ɗaya ne, yawancinsu can nesa, inda mota ke zuwa sau biyu a mako.

Ta kafa tebur a ƙofar gidanta tana gyaran tsofaffin littattafai, da shi take ci. Duk lokacin da hali ya yi, sai ta rufe tebur, ta ɗauki jaka da kwalbar gam da ƙashi da ɗaurin fallaye, ta hau mota. Ta sami shugaban makaranta ta ce, “Malam, littafinku na aji shida daga hamsin yake tsallakawa zuwa hamsin da uku. Na kawo abin da ya faɗi.” Wasu su kawo mata ruwa su ba ta aji. Wasu tsoro ya kama su su kore ta, sai ta koma bayan wata uku, ko an sauya shugaba ko ya gaji da ita. Wani ya kira mata 'yan sanda. Suka tsare ta wuni guda, babbansu ya ga kayan aikinta, ya ɗauko rajistarsu da ta yi kaca-kaca, ta ɗinke masa, ya sa aka raka ta tasha.

A shekarun nan juyin ya ci 'ya'yansa, kyaftin ma muka ji ya tsallake iyaka. Titunan suka sake suna, ranka ya daɗe ya dawo, Manaja ya nemo laktayensa. Ita dai tana kan hanya, ɗaurin yana raguwa.

Shekara biyar ta ɗauka. Makaranta ta ƙarshe kwali ɗaya ta samu, kuma daga inda mota ke tsayawa sai an yi tafiyar sa'a biyu a ƙasa. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, don haka na ɗauki hutu na bi ta ina riƙe jaka. Duk hanya tana faɗa wai ina tafiya kamar raƙumi.

Ɗaki biyu ne makarantar, rufin ɗaya ya yaye. Malamin aji shida mutum ne siriri mai furfura, da alli har a gira. Ta yi masa bayaninta, ya dube ta, ya buɗe kabad ya fito da littattafan. Talatin da uku suka rage, bangonsu duk ya lanƙwashe. Ta ɗauki na sama ta buɗe shafi na hamsin, sai hannunta ya tsaya.

Tsakanin hamsin da hamsin da uku akwai falle na littafin rubutu, an ɗinke shi da baƙin zare. A kansa, da rubutun yara, sunaye goma sha tara a jere. Ta buɗe na biyu, haka. Na uku, haka, har da zanen layin dogo da mutane zaune. Malamin ya ce da littafin nan aka koyar da shi yana yaro, ya san sunayen da ka. Ranar da kwalin ya iso ya ga babu su, sai ya karanta wa yara suka rubuta. Duk shekara in fallen ya yage, sababbin 'yan aji su sake.

Yaya ta matso da littafin kusa da tabarau. “Wa ya yi ɗinkin nan? Kamar ana rufe bakin buhu.”

“Ni ne, Mama. In cire su ki sa na gaskiyar?”

“Kul! Kada wanda ya taɓa su.”

Ta zauna a bencin yara ta manna nata a bayan nasu, ɗaya bayan ɗaya, talatin da uku. Bakwai da suka rage ta ba malamin. Sannan ta sa ya kawo allurarsa, ta nuna masa yadda ake huda uku a mayar da zare a ƙulle a tsakiya, ta sa ya yi sau huɗu kafin ta yarda. Bai san ko 'yar wa ce ba, ita kuma ba ta faɗa ba, ta harare ni don kada in faɗa.

Mun yi nisa a hanyar komawa, jakar ba nauyi, ta ce mu huta. Ta zauna a kan wani dutse ta cire tabarau. Shekara ashirin da biyu muna ɗaki ɗaya, ranar da aka sallame ta ma ina wurin, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

“Dogo,” ta ce, “tun ina shekara bakwai nake zaton ni kaɗai ce nake riƙe da ubana.”